Tambayar da ta fi numfashi tsawo

A noman ranin da ya wuce na yi mako 3 ina zagaya fadamun Argungu da Augie, ina yi wa manoman shinkafa tambayoyi a madadin wata ƙungiya da ta ɗauke mu aikin tattara bayanai. Kowannenmu yana riƙe da waya mai manhajar KoboToolbox, kuma akwai wata tambaya a ciki wadda har yau ban manta ba: "A watanni 12 da suka wuce, shin kai ko wani daga iyalanka ya karɓi bashi, ko tallafin taki, ko iri, ko injin ban ruwa, daga gwamnati, ko banki, ko ɗan kasuwa, kuma an biya a kan kari?"

Wani dattijo da na tarar yana gyaran bakin kwami ya saurare ni har na dire, sannan ya goge laka a gefen wandonsa ya ce, "Ɗana, wanne daga ciki zan amsa maka?" Shi kaɗai ya yi mini wannan gata. Sauran, saboda kara, sai su ce "eh" ko "a'a", ni kuma in danna in wuce, alhali ban san ko taki suke nufi ko bashin ɗan kasuwa ba.

Masu duba alƙaluma a ofis ba sa ganin wannan ɓarna, domin gurbin amsa a cike yake. Wani masanin binciken jin ra'ayi ɗan Amurka, Jon Krosnick, ya bayyana tun a 1991 cewa idan tambaya ta yi wa mai amsa nauyi, yakan daina zurfafa tunani ya miƙa amsar da za ta sallame shi kawai. Idan kuwa da baki ake karanto zaɓi, abin da kunne ya ji a ƙarshe shi ake yawan kamawa. Haka kuma binciken da Galesic da Bosnjak suka wallafa a 2009 ya nuna cewa masu fara amsawa da masu kammalawa sun ragu da aka ce tambayoyin za su ɗauki minti 30 maimakon 10, kuma amsoshin ƙarshe sun fi gajarta. Ni ma na ga haka a fadama, musamman ga wanda injinsa ke shan fetur yana jiransa.

Duk da haka, a ganina ba yawan kalmomi ne laifin ba, cusa magana huɗu a jimla ɗaya ne. Da na fara cewa, "Baba, tuna daga Babbar Sallah zuwa yau," tambayar ta ƙara tsawo, amma ta ba shi abin da zai rataya tunaninsa.

Washegari na koma wurin dattijon na rarraba masa tambayar gida huɗu. Taki bai samu ba, iri nasa ne na bara, injin kuwa bashi ne daga wani ɗan kasuwa, wanda zai biya da buhunan shinkafa bayan girbi. Manhajar ba ta da gurbin wannan bayani, don haka a bayan littafina na rubuta shi.