Talata a Garwa: wai na biyu

Zafin yau ko barcin rana bai bari an yi ba. Kifi ya yi tsada, Goggo ta fasa, aka koma miyar kuka.

Bayan la'asar Auta ya jera benci biyu da turmin Goggo a tsakar gida yana tsallakewa a guje. Wai malamin wasanni na lise, wato makarantar sakandare, ya ce ƙafarsa doguwa ce, ta dace da tseren shinge. Baffa na kan tabarma da rediyonsa, ya ɗago ya ce, "Kai, kura ce ta biyo ka?"

Na ce, "Baffa, Allah ya ja kwana, gudun nan ya fito da mutane." Na kawo masa Amadou Dia Ba na Senegal. Mita 400, shinge 10, a Olamfik ɗin Koriya ta Kudu na 1988, yana da shekara 30 a duniya. Ranar ya bar Edwin Moses a baya, Ba'amurken da ya ci tsere 122 a jere daga 1977 zuwa 1987. Kafin shi Senegal ba ta taɓa ɗaukar lambar Olamfik ba.

"Shi ya zo na nawa?"

"Na biyu."

"To ashe an tsere masa."

Maganar nan ta tsaya min a wuya har yanzu. Andre Phillips na Amurka, wanda ya zo na ɗaya, ya yi daƙiƙa 47.19, Dia Ba 47.23. Ƙiftawar ido ma ta fi tazarar tsawo. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ƙirga taku tsakanin shinge da shinge, ga ciwon gwiwa, ga faɗuwa, sai tsoho ɗaya a Garwa ya gama da shi da kalma biyar. Da na ƙara cewa bayan ya ajiye takalmi ya shugabanci cibiyar horaswa a Dakar, nan ne Baffa ya gyaɗa kai: "Yauwa, ya samu aiki ke nan."

Ba Baffa kaɗai ba ne. Filin wasanmu na Roumde Adjia ba ya cika sai don ƙwallo. Françoise Mbango, 'yar ƙasarmu Kamaru, ta ci zinariya a tsalle mai taku uku a 2004 da 2008, amma tambayi abokan Auta ka ji. Eto'o ɗan ƙwallo kawai suka sani.

Auta ya gurje ƙauri a bakin turmi, Goggo ta ɗauke kayanta tana faɗa. Gobe in Allah ya kai mu zan biya wurin kafinta in ji nawa zai haɗa shinge biyu na katako.