Tsohuwar Gadar Dutse a Hanyar Daura

Da sanyin safiya na bar Katsina na kama hanyar Daura, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. Bayan Mashi na sauka daga kwalta, ɗan acaɓa ya bi da ni hanyar burji zuwa wata gada da mutanen wurin ke cewa tun zamanin En'e take tsaye. Rani ne, rafin ya ƙafe, sai na shiga ƙarƙashinta.

Baki biyu gare ta, kowanne a lanƙwashe kamar bakan da maginanmu ke ɗaurawa a soro, kuma babu rodi ko ɗaya. An sassaƙa kowane dutse samansa ya fi ƙasansa faɗi, suna danne juna har zuwa na tsakiya da ya kulle su. Nauyin mota na gangarawa ta gefe zuwa ginshiƙai, don haka muddin ginshiƙan ba su gusa ba, bakan ba zai buɗe ba.

A nan matsalar take. Masu ɗibar yashi sun zurfafa rafin dab da gadar, ruwan Agusta kuma ya ƙwaƙule gindin ginshiƙin tsakiya har hannuna na shiga zuwa gwiwa. Ga wata 'yar cediya ta tsiro a bango, saiwarta ta raba duwatsu biyu.

Wani dattijon magini da na tarar a inuwar gadar ya nuna mini inda aka yi faci da siminti. "Ɗana, taɓa nan," in ji shi. Na ce, "Baba, ai da danshi." Siminti ya toshe wa ruwa mafita, kwaɓin da ke bayansa ya zama gari. Aikin asali da farar ƙasa ta gini aka yi shi, ita kuwa tana barin danshi ya fita.

Gyaran ba ya buƙatar katafila. A kankare tsagar da ke tsakanin duwatsu har zurfinta ya ninka faɗinta biyu, a jiƙa dutsen, a cusa kwaɓin farar ƙasa awo 1 da yashi awo 3, sannan a rufe da jiƙaƙƙen buhu na 'yan kwanaki don kada rana ta busar da shi da wuri ya tsage. Cediyar a sare ta a kashe kututturen. In aka tumɓuke, da dutse za ta fito. Gindin ginshiƙin a cike shi, a jera masa manyan duwatsu kafin damina, a buɗe ƙananan ramukan da ke fitar da ruwa daga bango.

Muna alfahari da hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu, kuma sun cancanta. Wannan gada ma aikin hannun kakanninmu ce, ya kamata hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta auna ta, ta shigar da ita lissafi. Ina fitowa wata amalanken shanu ta haye ta da lodin kara, ni kuma na koma titi, na isa Daura da azahar.