Kemistiri ne ya tare wa ƙanwata hanya

Ranar Lahadin da ta wuce Kawu ya aiko a kira ni. Gidansa yana Ketu, ba nisa da kasuwar Mile 12 inda ya haura shekara 20 yana dillancin kayan gwari. Na taso daga Agege bayan azahar ina zaton lissafin wata tirela ne ya cuɗe masa, don yawanci a kan haka yake nemana. Na tarar da shi a kan tabarma, 'yarsa ta biyu tana zaune a gefe da littafin da take rubuta masa shige da ficen kwanduna.

Bayan mun gaisa ya ce, "To ga yayanki nan. Gaya masa abin da kika gaya mini."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, irin karatunka na tattalin arzikin noma nake so in yi."

Na ji daɗi har cikin raina. Yarinyar nan tun tana ƙaramar sakandare take riƙe wa mahaifinta littafi. Ta san kuɗin mota daga Kano, ta san la'ada, ta san abin da 'yan dako ke karɓa, ta san watan da tumatir ke arha da watan da yake gagarar talaka. Sai na tambaye ta ajin da take. Ta ce aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kasuwanci. Na ce ta lissafo mini darussanta. Turanci, lissafi, ikonomiks, akanta, kasuwanci, gwamnati, kimiyyar noma. Na ce kemistiri fa? Ta ce ba sa yi. Nan take jikina ya yi sanyi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, domin na tabbata ba ita kaɗai ba ce. Sunan kwas ɗin yana ruɗar mutane. Da an ji "tattalin arzikin noma" sai a ɗauka ɗan ajin kasuwanci ne ya fi cancanta, tunda shi ke karanta ikonomiks. Amma a jami'o'inmu wannan sashe yana ƙarƙashin tsangayar aikin gona ne, kuma ƙofar tsangayar aikin gona ƙofar kimiyya ce. Wanda zai karanci ƙasa, da wanda zai karanci kiwo, da wanda zai karanci farashin albasa, ta ƙofa ɗaya suke shiga.

Ga yadda abin yake a yawancin jami'o'i. Ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu, ba fiye ba. Dole a samu Turanci da lissafi da kemistiri, sai bayoloji ko kimiyyar noma, sannan na biyar daga irin su fiziks, ikonomiks ko jogarafi. Wasu jami'o'in suna ƙara cewa ko da ka kawo kimiyyar noma sai sun ga aƙalla fas a bayoloji, wasu kuma sai sun ga fiziks. A jarrabawar JAMB kuwa darasi huɗu ne, maki 400: Turanci wajibi ne, sai kemistiri, sai bayoloji ko kimiyyar noma, sai lissafi ko fiziks. Kowace jami'a tana da 'yan ƙare-ƙarenta, kuma duk suna cikin kundin da JAMB ke fitarwa, kyauta a shafinta na intanet. Ku buɗe shi da kanku kafin ku biya kuɗin fom. Kada ku bar wa yaron shagon kwamfuta ya zaɓa muku darussa, shi sauri yake yi, layi na jiransa. Sai an cika shekara 16, sai da lambar NIN, kuma sai an ɗora sakamakon sakandare a manhajar CAPS, wadda JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinta, kafin gurbi ya fito. Bayan haka akwai tantancewar da jami'ar ke yi da kanta.

Kawu ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ni ɗana abin da ban gane ba, mai lissafin kuɗin tumatir me ya haɗa shi da haɗa sinadarai?"

Ni ma na taɓa yin wannan tambayar, kuma da zafi na yi ta. A shekarata ta farko a jami'a ban ga ko inuwar tattalin arziki ba. Kemistiri, fiziks, bayoloji, lissafi, da darussan gama-gari, tamkar an tsawaita sakandare. A shekara ta biyu da ta uku aka shiga ilimin ƙasa, tsirrai, dabbobi, kifi, daji da ƙwarin amfanin gona, ana ɗan tsarma mana tushen ikonomiks da ƙididdiga. Digirin shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta JAMB, ba 4 ba kamar ikonomiks zalla, kuma wannan ma ya kamata iyaye su sani tun da wuri saboda aljihu.

Shekara ta huɗu ce ta sauya mini tunani. Ita ce shekarar gona. A ajiye allo, a ba ka fartanya da fili. Mu aka ba kowannenmu 'yan kunyoyi na masara da waken suya, muka kuma yi zagaye a ɗakin kaji, da garken shanu, da tafkin kifi. Ni da aka haifa a Agege, wanda sanina da gona bai wuce zuwa hutu wajen kakanni ba, tafin hannuna ya yi kanta a mako biyu. Aka ce kowa ya riƙe littafi: nawa ka kashe a iri, nawa a taki, nawa a maganin feshi, kwana nawa ka yi kana aiki, me ka girba. A nan na ga amfanin kemistirin. Idan ba ka san abin da lambobin nan uku na jikin buhun taki ke nufi ba, ba ka san me ya bambanta yuriya da NPK ba, ba ka san ƙasa mai tsami ba ta ba shuka abin da ka zuba mata yadda ya kamata ba, to ba za ka iya gaya wa manomi ko buhu na uku zai mayar da kuɗinsa ba. Wannan tambayar kuwa, ko ƙarin buhu ɗaya zai biya kansa, ita ce zuciyar darasin da ake koya mana a kan samar da amfanin gona. Na ga masarata ta yi kore shar da na ƙara taki, na ga kuma inda ƙarin ya daina ƙara komai sai kashe kuɗi. Abin da malami ya zana a allo na kasa ganewa, a kunya na gane shi.

Na tuna wa Kawu shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ya girgiza kai, don bai manta ba. Kasuwa ta bushe, kwando ya yi tsadar da matan Legas suka koma tumatirin gwangwani. Na ce masa wanda zai yi wa gwamnati ko banki bayanin abin da ya faru, da abin da zai biyo baya, sai ya san rayuwar tsutsar, ya san dalilin da ya sa feshin da aka saba bai kashe ta ba, sannan ya san kasuwa. Rabin ilimin ba ya isa.

Duk da haka, in za a tambaye ni, lissafi ne ainihin abin da ke kayar da ɗalibai a wannan fanni, ba kemistiri ba. Kemistiri a bakin ƙofa yake tsayawa. Lissafi kuwa yana tare da kai har ranar fita. A shekarar ƙarshe ake shiga gundarin abin: tafiyar da gona a matsayin sana'a, kasuwancin amfanin gona, bashi da jarin noma, tsare-tsaren gwamnati, tantance ko wani aiki zai ci riba, da darasin da ake auna alaƙar abubuwa da ƙididdiga a kwamfuta, misali yadda kuɗin dizal ke motsa farashin kwando. Wanda ya lallaɓa ya samu kiredit a lissafi ba tare da ya iya ba, a nan asirinsa ke tonuwa. Ta wannan gefen ban ji wa ƙanwata tsoro ba ko kaɗan.

Sai kundin bincike na kammalawa. Nawa a kan kwando na yi shi. Tumatir yana tasowa daga Kano ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a kwandon kaba, an ɗora wani kan wani, na ƙasa yana shan nauyin na sama. Na zauna a Mile 12 makonni ina kallon abin da ake warewa na farfasasshe, ina kwatantawa da wanda ya zo a akwatin roba. Kowa ya san akwatin ya fi kare kaya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne me ya sa ba a koma masa gaba ɗaya ba, kuma dillalai ne suka ba ni amsa, ba littafi ba: akwatin yana da tsada, sai an mayar da shi arewa fanko, wa zai biya kuɗin komawar, wa zai ɗauki asara in ya ɓace, kuma masu saye da kwando suka saba auna ciniki. Kawu da abokansa sun san duk wannan tun kafin a haife ni. Abin da ke damuna shi ne 'ya'yansu, waɗanda suka tashi suna jin wannan hira kullum, su ne ba sa shiga fannin, sau da yawa saboda darasi ɗaya da ba wanda ya gaya musu su ɗauka.

Akwai kuma ɓangaren albarkatun ƙasa, wanda ni ya fi kama mini zuciya. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ma a sunan sashenta ta haɗa su biyun, noma da albarkatu. Nan ake tambayar darajar abin da ba a kai shi kasuwa: ruwa, daji, makiyaya, kifin kogi. Tumatirin rani da ke cika Mile 12, mai yawa daga cikinsa ruwan madatsar Tiga yake sha a Kadawa da Kura. An kammala Tiga a 1974. Ruwan da aka tare a can, da a da sai ya gangara ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya da masu noman shinkafa ke jiransa. Yanzu ambaliyar ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. To wa ya ci riba, wa ya yi asara, kuma da wane ma'auni za a auna kifin mutumin Nguru da tumatirin mutumin Kura? A nan Legas ma tambayar tana nan, tsakanin masu haƙar yashi a ruwa don gine-gine da masuntan Epe da Makoko. Ina so a ce akwai 'ya'yanmu a teburin da ake yanke irin wannan hukunci.

Kawu ya tambayi inda ake karatun. Na ce a arewa akwai Ahmadu Bello a Samaru, da Bayero a Kano, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da wasu da dama. A kusa da mu akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta, wadda aka kafa a 1988, da Jami'ar Ibadan. A cikin jihar Legas ana karatun noma a reshen Jami'ar Jihar Legas (LASU) na Epe da kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta Ikorodu. Sunan digirin da jerin darussan sukan ɗan bambanta, musamman tun da hukumar jami'o'i ta fito da sabon tsarin karatu a ƙarshen 2022, wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Wanda ke da difloma ko NCE a fannin noma, ko ya yi karatun share fagen shiga jami'a na IJMB ko JUPEB da darussan kimiyya, yana iya shiga kai tsaye a aji biyu ya yi shekara 4.

Ita dai ƙanwata hanya biyu ce a gabanta, kuma na shimfiɗa mata su ba ɓoye-ɓoye. Ta farko, ta nemi ikonomiks zalla, wanda darussanta na yanzu sun ishe ta, ta yi shekara 4, in ta so daga baya ta karkata zuwa noma a digiri na biyu. Hanya ce mai kyau, amma ba za ta taɓa riƙe fartanya a matsayin ɗaliba ba. Ta biyu, ta ɗauki kemistiri daga tushe. Tana da Turanci, lissafi, kimiyyar noma da ikonomiks, saura shi kaɗai a jami'o'in da ba su matsa a kan fiziks ko bayoloji ba. In makarantarta ba ta yarda ta sa mata shi a WAEC ba, sai ta rubuta shi a jarrabawar masu zaman kansu, wadda muke kira GCE, a haɗa sakamakon ya zama zama biyu. Amma na gaya mata gaskiya: karatun shekara uku ne za ta dunƙule a shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma a JAMB ma sai ta amsa shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka sa ta a ajin kasuwancin. Ba wanda ya tambaye ta me take so ta zama. An duba sakamakon ƙaramar sakandare, an ga mahaifinta ɗan kasuwa ne, aka rubuta sunanta. Mu ma a gida ba mu tambaya ba, har da ni da na san hanyar. Da na yi wannan hirar da ita shekara biyu da suka wuce, da magana ɗaya ta wadatar.

Ta yi shiru na ɗan lokaci tana juya littafin kwandunan a hannunta, sannan ta ce, "Yaya, zan yi kemistirin."

Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya ce in nemo malamin da zai riƙa koya mata Asabar da Lahadi, shi kuma zai je ya ga shugabar makarantar ranar Talata, don Litinin yana da mota biyu da za su sauka daga Kano. Jiya na sauko da tsohon littafina na kemistiri daga saman kabad, na kaɗe masa ƙura. Gobe in Allah ya kai mu zan biya ta Ketu in kai mata.