Asabar a filin Prez

Tun ƙarfe goma na safe Baba maƙwabcina ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, sanye da hular hana-salla baƙa mai ɗinkin ruwan gwal, wadda goshinta ya koɗe. Wata uku ke nan yana yi mini alkawarin zai kai ni kallon ƙwallon besbol, yau dai Allah ya yi. Daga Ruston zuwa Grambling, a jihar Luwiziyana ta Amurka, tafiyar 'yan mintoci ce a mota, amma kafin mu isa ya ba ni labarin rabin rayuwarsa.

Ashe tsohon nan da nake gani kullum yana ban-ruwan tumatir, a zamaninsa ɗan wasa ne da ake ji da shi a Jami'ar Grambling. Da ya kammala karatu bai bi ƙwallo ba, ya ɗauki alli. Lissafi ya koyar a sakandare har ya yi ritaya.

Filin wasan yana ɗauke da sunan mutumin da ya horar da shi, Ralph Waldo Emerson Jones, wanda kowa a garin yake kira Prez, wato shugaba. Baba ya tsaya a bakin shiga ya cire hula kafin ya fara ba ni labarinsa. Jones ya zo makarantar a 1926 yana matashin malami, lokacin tana ƙaramar makarantar horar da malamai ta baƙaƙen fata a arewacin Luwiziyana. A 1936 ya zama shugabanta, ya riƙe ta shekara 41, har 1977, kuma duk tsawon lokacin bai saki aikin kocin besbol ba. Na yi ta juya abin a raina: shugaban jami'a guda, ya tashi daga ofis ya shiga ƙura da yara! Shi ne kuma ya ɗauki Eddie Robinson aiki a 1941, kocin da ya ci wasa 408 a ƙwallon ƙafar Amurka. Tommie Agee da Ralph Garr, da suka yi suna a babbar gasar besbol ta ƙasar, duk ta hannun Jones suka bi. Ya rasu a 1982, sai a 2011 aka sa sunansa cikin jerin gwarzayen besbol na jami'o'i. A ganina an yi jinkiri ƙwarai.

Wasan kansa sai a hankali na fara gane shi. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai sanda ya kai duka, in ya kuskure sau uku ya fita, a yi ta yi har zagaye tara. Baba yana riƙe da ɗan littafi da guntun fensir yana rubuta kowane bugu, irin na malamin da bai manta rajista ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba a cikin fili ya faru ba. Mun zauna ke nan wata mata mai furfura ta zo ta riƙe hannunsa da hannu biyu, ta ce shi ya hana ta barin makaranta lokacin da lissafi ya gagare ta. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Bayanta wani ƙaton mutum ya kawo ɗansa ya gaishe shi. Kafin zagaye na biyar na ƙirga mutum bakwai, kuma babu wanda ya tambaye shi yawan ƙwallon da ya buga. Kowa aji yake tunawa. Shi kuwa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har da wanda yake zama a bencin baya.

Nan take malaminmu na aji shida ya faɗo mini a rai, wanda ya saya mini fom ɗin jarrabawa da kuɗin aljihunsa. Shekara nawa ban neme shi ba, kunya ta kama ni sosai.

Da muka dawo Baba ya tsinko mini tumatir huɗu a leda. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma," na fassara masa, ya yi murmushi ya sa na maimaita har ya iya faɗa. Bayan sallar isha'i na aika wa yayana saƙo ya nemo mini lambar malam. A gida dare ya yi nisa, sai da safe zai gani.