Daga Arekipa zuwa Kusko: yadda ake jera kwanaki a tsaunukan Andes

Na bi kudancin ƙasar Peru a tsarin masu hannu da shuni: otal a tsofaffin gine-ginen zamanin Sifaniyawa, mota da direbanta, jirgin ƙasa mai ɗakin kwana. Duk da haka, abin da ke gyara tafiyar ko ya ɓata ta shi ne tsayin wurin da za ka kwana kowane dare, don ƙarancin iskar oksijin ba ruwansa da aljihunka.

Daga Lima, babban birnin ƙasar da ke bakin teku, a fara da Arekipa, mai tsayin mita 2,335. Masu tashi daga bakin teku kai tsaye zuwa Kusko, mita 3,400, su ne sukan kwana da ciwon kai da tashin zuciya. A ba Arekipa kwana biyu, kuma ba asara ba ce. Da farin dutsen aman wuta aka gina tsakiyar birnin, dutsen Misti mai mita 5,822 yana tsaye a kansa, ga gidan mata masu zaman zuhudu na Santa Katalina da aka kafa a 1579, mai lunguna kamar unguwa guda.

Hanyar kwarin Kolka ce ke yaudarar mutane. Daga Arekipa, mota takan haura mashigar tsauni ta Patapampa, kusan mita 4,900, kafin ta gangara garin Chibay da ke cikin kwarin. Ka sauka ka ɗauki hoto a hankali, ka koma mota, ban da gudu. Manyan ungulayen kondo da ake zuwa kallo a kwarin da safe suke tashi, idan iska ta fara ɗumi, sai a bar masauki da wuri.

Jirgin ƙasan Andean Explorer na kamfanin Belmond, wanda ya fara aiki a 2017, yana haɗa Arekipa da Puno da Kusko. Akwai oksijin a cikinsa, amma tafkin Titikaka, da Puno ke bakinsa, yana kan mita 3,812, barci a can ba ya nauyi. A ganina, in an isa Kusko gara a wuce garin Urubamba, wajen mita 2,870, a huta, a je ganin Machu Pichu, kangon tsohon birnin mutanen Inka, daga can, sannan a dawo Kusko.

Ƙa'idar likitoci ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. Suna ba da maganin asetazolamaid don rigakafin ciwon tsayi, miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da jin tsiki a yatsu. Mai sikila kuwa, har mai jinin AS, lallai ya ga likita tukuna, domin tsayi irin wannan yana iya toshe jini a saifa.

Daga Mayu zuwa Satumba babu ruwa sosai, rana na ƙuna, dare na kai ga ƙanƙara. Wajen abinci, adobo na Arekipa naman alade ne, kifin tafki ya fi kwanciyar hankali. A abin shan da ake yi da masara, chicha morada ba ta da giya, chicha de jora tana da ita. Shayin ganyen koka da ake tarbar baƙi da shi yana iya fitowa a gwajin ƙwaya, don daga ganyen ake yin hodar iblis, kuma kada a sako ganyen a jaka, laifi ne a ƙasashe da yawa.