Kafin Ka Goge Foldar Nan, Ƙanena

Ƙannena makafi da kuke koyon rubuta manhaja da kunne kamar yadda na koya, akwai wata ɓarna da na tafka wadda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Gara ku ji ta daga bakina.

Wani shagon magani ne a Tudun Wada, nan Kaduna, na rubuta wa ƙaramar manhajar lissafin kaya da bashi. Bayanan duka suna cikin PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, a wata kwamfuta mai Windows da ke ƙarƙashin kanta. Mai shagon dattijo ne, ya yarda da ni a lokacin da wasu ke tambaya a gabana ko makaho zai iya aikin kwamfuta. Ina son in fita kunyarsa, wannan ne ya sa nake gaggawa, kuma nake ƙin cewa "dakata in duba".

Tun ranar girkawa na fara tuntuɓe. Na je da NVDA, manhajar da ke karanta mana allo da murya, a filashi, ban girka shi a na'urar ba. Ina kunna fayil ɗin girka PostgreSQL sai Windows ta buɗe tagar neman izinin mai kula, murya ta ɗauke ɗif. Na filashi ba ya karanta wannan taga, sai wanda aka girka. Na kira yaron shago, shi ya yi ta dannawa har ƙarshe, shi ya zaɓi kalmar sirrin babban asusun nan postgres, ya rubuta ta a bayan kwalin magani. Kwali ya bi shara. Daga baya sai da na shiga fayil ɗin pg_hba.conf, mai kula da izinin shiga rumbun, na sassauta tsaro, na sauya kalmar, na mayar da shi yadda yake. Ku girka NVDA tukuna, kyauta ne. In kuma dole wani ya ara muku ido, ya karanta muku kowane layi, amma yatsun da ke kan madannai su zama naku.

Wajen aikin yau da kullum da rumbun, psql, inda ake rubuta umarni, ya fi mana sauƙi a kan pgAdmin mai tagogi da maɓallai barkatai, domin rubutu ne zalla, layi bayan layi. Sai dai yana da tarko. Na taɓa rubuta umarnin gyaran farashi, na danna, na ji shiru, na ce wa mai shago an gama. Ashe na manta waƙafi mai ruwa a ƙarshe, psql yana can yana jirana. Ya ma faɗa mini: alamar farkon layi ta sauya daga =# zuwa -#. Mai ido zai gani nan take. Ni na rage yawan alamomin da NVDA ke furtawa don in ji daɗin karanta labarai, sai ya haɗiye su. Maɓallin NVDA, wato Insert ko Caps Lock, tare da P shi ke sauya wannan. Ku kai shi matakin da zai furta komai duk sanda za ku shiga rumbun bayanai. Kada ku tashi sai kun ji amsa irin "UPDATE 12". Lambar nan ita ce yawan layukan da kuka taɓa. In kuna tsammanin 12 kuka ji 4000, to in da ma kun fara da umarnin BEGIN, umarnin ROLLBACK zai mayar da komai. Ku kuma kunna \x, domin tebur mai faɗi ya koma jeri, kowane bayani da sunansa a gefe. A MySQL, wani rumbun bayanan daban, \G ne ke wannan aikin.

Babbar ɓarnar ta zo ne ranar da na so ɗaga rumbun daga siga ta 13 zuwa ta 15. Na girka sabon, komai ya tafi lafiya lau. Abin da ban tsaya na saurara ba shi ne lambar ƙofa, wato port, inda manhaja ke bi ta yi magana da rumbu: tsohon yana riƙe da 5432, sai sabon ya ɗauki 5433. Manhajar shago ta ci gaba da magana da tsohon. Na gwada ta, kaya suka fito, bashi ya fito, na ɗauka bayanai sun ƙaura da kansu. Ba sa ƙaura. Tsakanin manyan sigogi, kai ne za ka kwashe su da pg_dump ko pg_upgrade.

Sai na cire 13. Da aka gama cirewa, wani saƙo ya fito cewa ba a goge foldar data ba, an bar ta a wurinta. Wannan kariya ce aka yi wa irina. Na ji saƙon, na ɗauke shi a matsayin ragowar shara. An kira magariba, ga batun mai Keke da ke jirana zuwa Kawo, ina so in bar wuri tsaf. Na shiga foldar PostgreSQL, na sauka kan 13, na danna Shift da Delete, gogewar da ba ta bi ta kwandon shara.

Washegari da safe aka kira ni, manhaja ta ƙi buɗewa. Kwafin ƙarshe da nake da shi ya kai mako uku.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ƙaddara ta riga fata, amma bashin mutane fa?" Wannan tambaya ta fi mini zafi a kan zagi. Akwai masu karɓar maganin hawan jini da na sukari a kan bashi zuwa ƙarshen wata, akwai waɗanda suka riga suka biya, kuma yanzu ba mai shaidar ko ɗaya sai takardun rasit. Kwana huɗu muka yi, yaron shago yana karanto rasit, ina shigarwa. Wasu ba mu same su ba har abada, mai shagon ya yafe.

Ban yarda a ce makanta ce ta jawo ba. Masu ido ma suna goge rumbu. Amma gaskiya ne cewa mai ido yana tsintar abubuwa a gefen allo ba tare da ya nema ba, mu kuwa abin da muka tambaya kaɗai muke ji. Don haka yanzu, kafin in cire komai, sai na tambayi rumbun da kansa. SELECT version(), ya gaya mini sigar da nake ciki. SHOW port, da SHOW data_directory, su gaya mini ƙofa da foldar. Ina sauraron amsar harafi-harafi, domin in murya tana gudu 13 da 15 suna kama a kunne. A Ubuntu, pg_lsclusters zai jero duk waɗanda ke kan na'urar, kuma ku sani apt purge na iya tafiya har da bayanan, ba kamar apt remove ba.

Sannan in ɗauki kwafi da pg_dump, in zuba shi a sabon rumbun, in ƙirga layukan manyan teburori a ɓangarorin biyu har lamba ta yi daidai. Tsohon kuma ba na cire shi ranar. Tsayar da shi nake yi daga services.msc, tagar Windows ta ayyukan da ke gudana a bayan fage, in bar shago ya yi ciniki mako guda a kan sabon. Tsohuwar foldar, suna kawai nake sauya mata, in haɗa da kwanan wata, in kwafe ta a filashi biyu: ɗaya a aljihun teburin mai shago, ɗaya a gidana.