Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwamfutar Maigida a Hannun 'Yan Gwangwan

A makon jiya mun tsaya a inda Hajiya, matar marigayi maigidana, mai shagon buga takardu da ya koya mini sana'a, ta kira ni a waya bayan La'asar. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ɗan nan, ka yi haƙuri, wallahi na sha'afa da kai. Shekaranjiya yara suka share sito, duk tarkacen Alhaji an sayar wa mai gwangwan."

Na ce, "Hajiya, har da kwamfutar?"

Ta ce, "Wacce daga ciki? Ai duk abin da ke da ƙarfe a jikinsa sun ɗora a kura."

Ban ga laifinta ba. Tun bayan sadakar arba'in ta ce in zo in ɗauki abin da nake so, ni kuma kullum sai gobe. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Washegari da sassafe na ɗauki almajirin gidan a bayan babur, don shi ya san inda mai kurar yake kai kaya, muka nufi wajen Ƙofar Ruwa.

Wanda bai taɓa shiga filin 'yan gwangwan ba zai ɗauka hargitsi ne kawai. Ba haka ba ne. Baƙin ƙarfe yana gefe, jan ƙarfe gefe, alminiyam gefe, ga sikeli a rataye, ga yara uku zaune da guduma suna farfasa kaya. Allunan cikin na'urori, waɗanda suke kira fanel, su ma buhunsu daban, kuma sun fi komai daraja. Na tarar an riga an fasa monita an zare wayar jan ƙarfen da ke wuyanta. Firintar Epson ɗin nan da ƙararta ke hana maƙwabtan shagonmu sakat, babu ko alamarta. Gabana ya faɗi. Sai can ƙarƙashin wasu matattun fankoki na hango gefen wani akwati da ya rine daga fari zuwa ruwan ƙasa. Na jawo shi. A samansa akwai tabon ƙuna mai faɗin tsabar naira ɗaya. Ni na yi tabon nan da kyandir a 1997, daren da aka ɗauke wuta muna tsaka da aikin wani ɗalibi, kuma saboda shi Maigida ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata.

Mai wurin ya taso yana goge hannu. "Yallaɓai, wannan fa ba ta yi."

"Na sani."

"To me za ka yi da gawa?"

Na ce ina so ne kawai. Nan ya gane akwai magana. Ya ce irin waɗannan tsofaffin su ne masu zinare, kuma gaskiya ya faɗa: ƙwaƙwalwar 486 jikinta na tangaran ne, ƙafafunta kuwa an shafe su da zinare, shi ya sa su ne farkon abin da ake ɓallewa. Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya ce albarka. Sai da na biya kusan ninki huɗu na abin da ya ba Hajiya a kan kayan sito gaba ɗaya kafin ya ce ya sallama. Ban faɗa wa uwargida kuɗin ba har yau, in ta karanta wannan ta yafe mini.

Kwamfutar nan ba ta da sunan kamfani a goshinta. Haɗin hannu ce, irin wadda ake sayo kayanta ɗaiɗai a ɗaura. Ƙwaƙwalwarta 486 DX2 ce mai gudun 66, wadda Intel ya fitar a 1992. Ma'adanar aikinta megabait 8, babban faifanta megabait 340, tana da bakin disket biyu, na inci 3.5 da na inci 5.25. Hotuna biyu ko uku na wayar da ke hannunka yanzu sun isa su cika waccan ma'adanar. Amma da ita Maigida ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya biyu, ya koya wa yara irina sana'a. Lokacin da na shiga shagon a 1996 duniya ta koma Windows 95, shi kuwa ya kafe a kan MS-DOS 6.22 da Windows 3.1. In an yi masa magana sai ya ce jakin da ya san hanyar gida ba a sauya shi don an ga doki.

Da na kawo ta gida, babban ɗana ya ɗauko waya zai jona. Na daka masa tsawa har ya firgita. Tsohuwar kwamfutar da ta shekara ashirin a ajiye ba a fara ta da wuta, da sukundireba ake fara ta. Na koyi wannan da tsada. Shekarun baya na sayi wata da aka shigo da ita daga Amurka, ban duba ɗan jan makunnin da ke bayan akwatin wutarta ba. Yana kan 115, wutarmu kuwa 230 ce. Ƙara ɗaya na ji, tas, sai hayaƙi da wari. Tun daga ranar, idona kan wannan makunnin yake fara sauka kafin in ce wa mai kaya ina kwana.

Na kwance murfin. Ƙurar hunturu ta shekaru ta kwanta a ciki kamar bargo. Zanzaro ya yi gini har ɗaki uku a jikin fanka, ga ɓawon ƙwan tsaka a lungu. Duk wannan bai dame ni ba, buroshin fenti da abin hura iska sun isa. Abin da nake tsoro yana can kusa da inda ake soka wayar kibod, kuma na same shi yadda na zata.

Allunan wancan zamani da yawa suna zuwa da wani ɗan batir mai siffar ganga, bai kai ɗan yatsa tsawo ba, bolt 3.6, an like shi da dalma a jikin allon. Aikinsa ɗaya ne: ya riƙe agogo da saitin na'ura in an kashe wuta. In ya tsufa sai ya fara tsiyaya. Ruwan da ke fita daga cikinsa yana bin jijiyoyin jan ƙarfen da ke shimfiɗe a kan allon yana cinye su a hankali, shekara bayan shekara, ko da na'urar tana kulle a sito ba wanda ya taɓa ta. Nawa ya yi furfura fari fat a duka bakinsa biyu, kewayensa kuma ya yi tsanwa-tsanwa kamar tsohon kwabo. A ganina wannan ɗan abin ya kashe tsofaffin kwamfutoci fiye da guduman 'yan gwangwan. Duk mai irin wannan na'ura a ajiye, ko ba zai gyara ta ba, ya buɗe ya cire batirin yau.

Na datse shi da filaya na jefar. Daga nan na leƙa kicin na ce, "Maman yara, a taimaka mini da ruwan khal."

Ta ce, "Yau kuma kwamfutar ce za ta ci kwaɗo?"

Dalilin ba boyayye ba ne. Ruwan batirin nan dangin kanwa ne, ba dangin tsami ba. Yadda mata ke jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, haka ake yi a nan, sai dai a juye: tsamin ne ke kashe kanwar. Na ɗiga khal a wurin, ya fara 'yar kumfa yana tsiii. Na bar shi mintuna kaɗan, na goge da tsohon buroshin haƙori, na ɗauraye da ruwa mai tsabta, na bi da sifirit. Sannan na jingine allon a inuwa kwana biyu. Iskar hunturu ta yi mini rana a nan, don ba abin da take bari da danshi.

Da ya bushe na zauna da mita da gilashin ƙara girma, ina bin jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. In jijiya na da rai mita ta yi ƙara, in ta yanke sai shiru. Uku suka yi shiru, biyu daga cikinsu masu zuwa bakin kibod ne. Na kankare koren fentin da ke kansu da bakin reza har jan ƙarfe ya bayyana, na yi musu gada da siririyar waya mai kaurin gashin doki. Hannuna ba kamar da ba ne, yana ɗan rawa, ta ukun sai da na yi sau huɗu. Wajen sabon batir kuma akwai tarko. Allon yana tura wa tsohon batirin caji, irin batirin nan mai faɗin kwabo, CR2032, kuwa ba a yi masa caji. Sai an sa masa dayod a tsakani, wuta ta fita ta hanya ɗaya, kada ta dawo.

Akwatin wutar na gwada shi daban, da wani mataccen faifai a matsayin kaya, na ga bolt 5 da bolt 12 sun tsaya daidai. Wayoyinsa biyu ne masu shiga allo, kama ɗaya, kuma in ka juya su ka gama da allon. Ƙa'idar da Maigida ya dasa mini tun ina yaro ita ce baƙi da baƙi a tsakiya. Ina sokawa na ji bakina yana faɗa da kansa, da irin muryarsa.

Daren Juma'a na haɗa komai a kan inbata, don ba zan yarda a ɗauke wuta ko a kawo ta da ƙarfi a kan wannan aikin ba. Na yi bismilla na danna. Fanka ta juya. Lambar 66 ta kama da ja a goshin akwatin. Sai lissafi ya fara gudu a kusurwar monita har ya tsaya a 8192, wato ma'adanar aiki ta cika megabait 8 ɗinta, sannan ƙara ɗaya gajera, tit. Yarana ba su gane dalilin da ya sa na tashi tsaye ba.

Babban faifan ne ya ƙi motsi. Na kara kunne, shiru. Tsofaffin faifai in sun daɗe a kwance, allurar karatunsu kan manne da farantin. Na kashe, na ciro shi, na riƙe shi a tafin hannu na murɗa wuyan hannuna da sauri sau biyu, kamar mai buɗe murfin kwalba. Ba dabara ce da zan ba kowa shawara ba, wani lokaci ita ke ƙarasa shi. Na mayar, na kunna. Sai ga wannan kukan da na shekara fiye da ashirin ban ji ba, yana tashi daga ƙasa yana sirancewa. Na kwafe lambobin da ke rubuce a bayan faifan na shigar a saiti, na sake tayarwa. Baƙin allo, da C:\>, alamar DOS ta jiran umarni, tana ƙifta ido.

Ban buɗe komai ba tukuna. Faifan da ya tashi da murɗa ba a san ko zai sake tashi gobe ba. Na jona katin ajiya na CompactFlash mai megabait 256 a matsayin faifai na biyu, ƙarami na zaɓa da gangan domin irin wannan allon ba ya ganin abin da ya haura megabait 504. Na kwashe duk takardun da ke ciki, ina kallon sunayensu suna wucewa. Sai da aka gama na rubuta WP.

Shuɗin allon WordPerfect 5.1, manhajar da muke buga takardu da ita, ya buɗe, fayau, ba komai sai lambar shafi a ƙasa. Yatsuna suka tuna abin da kaina ya manta: F10 a adana, Shift da F7 a buga, F7 a fita. A kan wannan shuɗin allon muka buga kundin ɗalibai, da katin biki, da takardun neman aiki, da ƙa'idojin ƙungiyoyin unguwa. In aikin na Hausa ne, na'urar ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Sai mu buga k da d da b, in takarda ta fito in zauna da baƙin biro ina yi musu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Shafi hamsin, ka lissafa. Sai daga baya haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira, suka iso shaguna irin namu, muka huta da biro.

Takardun mutane ban karanta ba. Akwai wasiƙu a ciki da masu su suka kawo cikin sirri, wasunsu suna raye, wasu sun zama manya a gari. Amana ce aka ba shago, kuma mutuwar mai shago ba ta sauke ta ba. Jerin sunayen kawai na bi, irin sunayen DOS da ba sa wuce harafi takwas, ina tuna wanda na buga da wanda Maigida ya buga.

Can kusa da ƙarshe na ga wani da ban sani ba. YARONA. Maigida bai taɓa kiran kowa da wannan sunan ba sai ni, 'ya'yan cikinsa ma da sunayensu yake kiransu. Kwanan watan da ke gefensa kuwa na makon da na bar shagon ne, makon da muka rabu ba da daɗi ba, labarin da na ba ku a kashi na 6. Na ɗora yatsa a kan maɓallin, na ɗauke. Aka kira Isha'i, na kashe na'urar na fita masallaci.

Abin da na tarar a cikin takardar, da dalilin da ya sa na koma wurin Hajiya da ita a aljihu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.